Amsoshin Tambayoyinku: Cacar baki kan farautar zaki da giwa

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi yana tambaya: me ya sa ake ta cacar baki a Facebook kan Turawa masu farauta a Afirka?

To malam, wannan farauta ba ta neman nama ba ce. Attajiri ne ke biyan kuɗi ya harbe zaki ko giwa, ya ɗauki hoto a kan gawar, ya tafi da kan ya rataye a falonsa. Hayaniyar ta yi ƙamari a Yulin 2015, lokacin da wani likitan haƙori Ba'amurke, Walter Palmer, ya kashe zaki mai suna Cecil kusa da gandun dajin Hwange a Zimbabwe. Jama'a suka yi masa caa, har ya rufe asibitinsa na makonni.

Sai dai yawancin masu kumfar bakin suna Turai da Amurka, ba gonarsu giwa ke tattakewa ba. Botswana, mai giwaye kimanin 130,000, ta ɗage haramcin farauta a 2019. Da Jamus ta yi maganar taƙaita shigo da sassan dabbobin da aka farauto a 2024, shugaban Botswana na lokacin, Masisi, cewa ya yi zai aika mata giwaye 20,000 ta zauna da su.