Baki Shi Ke Yanka Wuya: Nazari a Kan Ƙayyade Saƙonnin Gyara a Manhajar Wayar Hannu

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne duba yadda mai tsara manhajar wayar hannu yake kame bakin manhajarsa. A yayin aiki yakan cusa waɗansu 'yan layuka domin manhajar ta riƙa faɗar abin da take ciki, watau saƙonnin gyara. Da su ake gano maɓoyar kuskure, amma in an bar su har manhaja ta shiga hannun jama'a, sai su zama abin tona asiri.

Matakan Saƙo

A tsarin Android saƙonnin suna taruwa ne a kundi guda, wanda ake karantawa da Logcat. Matakan da aka fi amfani da su biyar ne, masu lamba 2 zuwa 6: Log.v na dogon bayani, Log.d na gyara, Log.i na sanarwa, Log.w na gargaɗi, sai Log.e na kuskure. Biyun farko amfanin mai tsarawa ne kurum.

Inda Gizo Ke Saƙa

Kafin fitowar Android 4.1 a shekarar 2012, duk manhajar da ta sami izini tana iya karanta kundin baki ɗaya. Daga nan aka taƙaita kowace ga nata saƙonni. Duk da haka, wanda ya haɗa wayar da kwamfuta bayan an buɗe ƙofar gyara yana iya ganin kundin. Ashe ke nan kalmar sirri ko lambar asusun da ta faɗa ciki ta fita daga rufi.

Hanyoyin Ƙayyadewa

Hanya ta farko ita ce gindaya sharaɗin BuildConfig.DEBUG, ta yadda saƙo ba zai fita ba sai a kwafin gwaji. Ta biyu, a umurci R8, wanda ya gaji ProGuard a 2019, ya tsince layukan yayin harhaɗa kwafin kasuwa. Ta uku kuwa, a bi da saƙonni ta Timber, wanda Jake Wharton ya samar. Shi ba ya furta kome sai an dasa masa mafita, don haka sai a dasa ta a kwafin gwaji kaɗai.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa rufe baki ɗungurungum ba shi ne manufa ba, domin gargaɗi da rahoton kuskure suna da rana ko bayan fitar manhaja. Abin lura shi ne a tantance matakin kowane saƙo tun ranar rubuta shi, sirrin mai waya kuwa kada ya shiga kundi a kowane mataki.