Leda A Gona Da Cikin Tumbin Dabba

Da can in mutumin Danwarai zai tafi kasuwar Jega, da sanhonsa yake zuwa, mace kuwa da ƙwaryarta. Daddawa a ganyen kalgo ake ƙunshe ta, goro a ganyen fita. Waɗannan duk in an yar, kafin damina ta kewayo ƙasa ta cinye su. Yau ko ɗan barkono mutum ya saya sai an sa masa a baƙar leda, ga kuma ledar ruwan sha wadda ta bazu a Nijeriya tun shekarun 1990. Ita kuwa leda ba ta ruɓewa, sai dai rana ta farfasa ta, ta zauna cikin ƙasa shekara da shekaru.

Manoman albasa na Aliero da masu fadama a Maiyama sukan kwashi takin juji su kai gona. Al'ada ce mai kyau, amma jujin yau cike yake da leda. Saiwar albasa ba ta nisa cikin ƙasa. In ta ci karo da leda sai ta tsaya, ruwan ban-ruwa kuma ya kwanta bisa maimakon ya ratsa. Saboda haka lalle ne a tsince taki tun a bakin juji, kafin a ɗora wa jaki ko amalanke.

Babbar hasara kuwa wajen dabbobi take. Da rani, sa'ad da ciyawa ta ƙare, akuya da tunkiya sukan bi bola suna lasar ledar da aka ƙulla gishiri ko mai, har su haɗiye ta. Leda ba ta narkewa a tumbi, sai ta dunƙule ta tare wurin abinci. Dabba ta rage ci, kashinta ya ragu, ta dinga ramewa alhali cikinta a kumbure. Mai ita ya yi ta sayen maganin tsutsa, a banza. Babu wani jiƙo da ke narkar da leda, sai dai likitan dabbobi ya tsaga tumbin ya fitar. Mahauta ne suka fi kowa sanin wannan, don su ke tarar da ƙullin bayan yanka. Mai kiwon ragon layya ya fi kyau ya ɗaure shi a turke, ya ajiye masa kanwa ko gishirin lasa.

Waɗansu ƙasashe doka suka sa. Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya a 2017, Nijar ma ta kafa tata dokar a 2014, ko da yake har yanzu leda ba ta bar kasuwannin Maraɗi ba. Watau doka ita kaɗai ba ta isa, sai mai saye ya ƙi karɓa. Ɗan tireda da kuɗinsa yake sayen ledar nan, in an ce masa a bar ta, riba ce gare shi. Magidanci ya riƙa jakar cefane, a aiki yaro sayen mai da kwalba, na ƙosai da kwano.

Wadda ta riga ta shigo gida a tara ta cikin buhu, a rataye inda akuya ba ta kaiwa. Kada a hura wuta da ita a murhu, don hayaƙinta dafi ne ga mai girki da ɗan da ke bayanta.