Zaɓen Itacen Dashe A Dutsin-Ma Da Kurfi

Mai renon itatuwa don sayarwa, wajibi ne ya tambayi mai saye inda zai dasa kafin ya karɓi kuɗinsa. Mangwaro mai aure da gwaba sai fadama, ko kusa da madatsar ruwan Zobe. Gonar tudu ta wajen Kurfi kuwa gawo ya dace da ita, don yana kaɗe ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa. Turare shan ruwa gare shi, kada a kai shi bakin rijiya. Dalbejiya ta makaranta ce da kasuwa. A dasa cikin Yuli in ruwa ya zauna, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Wanda dashensa ya kama, shi ake koma wa baɗi.