Yadda Ake Ɗaga Volt 5 Zuwa 12 Don Rawuta Ta Ci Gaba Da Aiki

Wanda ya zauna a Asawase a shekarun dumsor, wato yawan ɗauke wuta, musamman 2015, ya san ba a jiran kamfanin wuta na ECG kafin a nemi dabara. Har yau idan an ɗauke wuta, waya tana samun caji daga fawabanki, amma rawutar intanet sai ta mutu, domin ita yawanci volt 12 take ci, fawabanki kuwa 5 yake bayarwa. Wani ɗan allo mai suna MT3608, wanda bai wuce babban yatsa ba, shi ke cike wannan giɓin.

Ka nemi allon a shagunan kayan lantarki na Adum, tare da tsohuwar igiyar USB, da kan filogi irin na rawutarka, da dalma, da mitar awon wuta. Kada ka taɓa komai sai mita tana hannunka.

Kafin ka kashe ko sidi ɗaya, juya rawutar ka karanta abin da aka rubuta a bayanta. A nan mutane da yawa ke yin asara. Allon ba ya ƙirƙiro wuta. Naɗin wayar da ke kansa ne ke tara ƙarfi, wani makunni yana buɗewa yana rufewa sau fiye da miliyan a daƙiƙa, ƙarfin ya bi ta diyod ya taru a kafasita. Duk volt ɗin da ya ƙara, da amfiya ake biyansa. Rawuta mai volt 12 da rabin amfiya tana cin wat 6, za ta ja kusan amfiya 1.4 daga fawabanki. Mai cin amfiya guda cur kuwa tana neman kusan 2.8, abin da ya fi ƙarfin yawancin fawabanki, ya kuma fi ƙarfin allon. Irin wannan a haƙura da ita.

Yanke igiyar USB, ka ware wayoyin ciki ja da baƙi, ka datse sauran biyun. Ja ya tafi VIN+, baƙi VIN−, ka liƙe da dalma.

Yanzu sa fawabanki, ka ɗora mita a kan VOUT, rawuta tana gefe tukuna. Akwai ɗan sukuru a kan wani shuɗin akwati. Murɗa shi hagu. Sau da yawa sai an yi zagaye goma ko fiye kafin lamba ta motsa, har wasu su ce jabu aka sayar musu. Ci gaba a hankali, ka tsaya a 12 daidai. Allon yana iya kaiwa 28, kuma wannan ya isa ya ƙone rawuta nan take. Idan fawabankin ya kashe kansa kana cikin awo, danna maɓallinsa, don bai ji ana jan wuta ba ne.

Sai ka cire wuta ka haɗa filogi a VOUT. A yawancin rawutoci tsakiyarsa ne fositif, amma duba zanen da ke jikin cajarta ta asali, ka sake aunawa a bakin filogin kafin ka cusa.

Bar rawutar ta yi aiki minti goma, sannan ka taɓa allon. Ɗumi ba laifi. Idan yatsa bai iya zama a kai ba, kaya ya yi masa yawa. Rufe shi cikin kwalin roba mai huji, domin idan wayoyin fita suka haɗu babu abin da zai kare shi. Fawabanki mai mAh 10,000 na gaskiya zai riƙe rawutar wat 6 kamar awa 4.