An Ba Ka Shugabancin Sashe? Ga Aikin Gobe Da Safe

Takarda ta fito daga ofishin shugaban jami'a, kai ne sabon shugaban sashe. A yawancin jami'o'inmu wa'adin shekara biyu ne, kuma yajin aiki ɗaya kan ci rabonsa a ciki: na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 2022 wata takwas ya kwashe. Don haka ajiye dogon buri, mu fara da abin da hannu zai kai.

1. Fara da sakatare da masinja. Su suka san inda fayil yake kwana da wanda ke riƙe da makullin ɗakin gwaji. Ba su minti goma, ka tambaye su abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya.

2. Je ka gaida manya a ofisoshinsu. Kada ka aika a kira maka farfesan da ya koyar da kai tun kana aji biyu. Taka da ƙafarka, ka ce, "Ranka ya daɗe, na zo neman shawara." Duk sauyin da ka kai taron sashe ba ka bi ta kansu ba, a nan za a binne shi, cikin ladabi kuwa.

3. Kira jami'in jarrabawa, ku rufe ƙofa ku buɗe sakamako. Nan ciwon yake. Ɗalibai nawa makinsu ya ɓata? Nawa suka gama karatu amma sakamakonsu bai isa majalisar jami'a ba, suna zaune a gida abokansu sun tafi bautar ƙasa? Rubuta sunayensu, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka sa ranar ƙarshe ta miƙa maki, kuma kai za ka fara miƙa na kwas ɗinka. A ganina, in wannan kaɗai ka gyara, ka ci wa'adinka, kuma ba ya neman ko sisi daga gwamnati.

4. Nemo rahoton ƙarshe na tantancewar hukumar kula da jami'o'i, NUC, ka ja layi ƙarƙashin duk abin da aka ce ku gyara. Kada ka bari sai saura wata guda a fara aron littattafai da malamai daga maƙwabta. Kowa ya san wannan wasan, har masu zuwa tantancewar.

5. Duba manhajarku. A tsarin manhajar jami'o'i na CCMAS da aka ƙaddamar a Disamban 2022, NUC ce ta tsara kashi 70, ta bar wa jami'a kashi 30. Wannan kashi 30 ɗin filinku ne. In sashen noma ne a Kano, me ya hana kwas kan noman rani irin na Kadawa? Ɗora wa matasan malamai biyu aikin rubuta daftari, ka ba su sati uku.

6. Sa ido kan guraben asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, na ƙaro karatu, bincike da halartar taro. Duk sanarwar da ta zo, tura ta zauren WhatsApp na sashe a ranar, kada ta kwana a aljihun tebur har 'yan gaban goshi su gama cike fom.

7. Yau da dare, raba kwasa-kwasan zango mai zuwa a takarda. In ka ga malami ɗaya da biyar wani da ɗaya, ka san wanda za ka fara kira da ƙarfe takwas.