Kwana Uku a Kano da Yaran da Suka Tasa

Ɗana,

Maiɗakinka ta gaya mini, ranar da ta zo duba ni, cewa kana shirin kai iyali Kano idan an yi hutun Disamba, ku kwana uku yara su ga gari. Na ji daɗi ƙwarai. Sai dai da ta karanta mini tsarin da ka rubuta a waya, na ƙirga wuraren zuwa 14 da gidajen dangi 6. Shi ya sa na ce bari in rubuto maka tun kafin ka biya kuɗin masauki, don maganar ta fi ƙarfin gaisuwar waya.

Tambayata ta farko ita ce, da wa ka yi shawara? Takwarana shekararsa 17, baɗi in Allah ya yarda yana jami'a. Amaryata tana da 15. Autan ma ya cika 12, kuma ka san bakinsa. Waɗannan sun wuce a ce musu "ku sa takalmi mu tafi" su bi ka a guje suna murna. Yaro ƙarami, alewa da kallon motoci sun ishe shi. Wanda ya tasa kuwa, in ba a tambaye shi ba, zai bi ka da ƙafa amma hankalinsa yana cikin wayarsa, ka kashe kuɗi ka dawo da fushi kana cewa yaran zamani ba su da godiya.

Ni na yi wannan kuskuren, kuma a kanka na yi shi. Ka tuna shekarar da na kai ku Kano kana da shekara 15? Kwana huɗu muka yi, daga wannan zaure zuwa wancan, gaisuwa da ta'aziyya da barka, kuna durƙushe ana sa muku albarka. Sau biyu ka roƙe ni mu hau Dala, sau biyu na ce gobe. Da muka juyo, daga Na'ibawa har Zariya ba ka ce uffan ba, kanka yana jingine da gilashin mota. A lokacin na ɗauka gajiya ce. Sai daga baya na gane abin da na hana ka, kuma har yau in na tuna raina ba ya yi mini daɗi.

Don haka mu fara da maganar dangi, tunda ita ce mai wuya. Zumunci a ƙafa yake, ba zan taɓa ce maka ka shiga Kano ka fita a ɓoye ba. Amma ka yanka masa lokacinsa. Ka kira gwaggonka tun yanzu, ka ce za ku zo mata yammacin ranar farko, daga la'asar har bayan isha'i, duk wanda ke son ganinku ya same ku a can. Ka riƙe mata tsaraba mai kyau. Za ta ce lalle a gidanta za ku sauka, ta kuma yi maka ƙorafi. Ka ba ta haƙuri da taushin murya, ka ce yara sun girma, budurwa da samari ba sa haɗa ɗaki, ba ka kuma son a tashi kowa daga shimfiɗarsa saboda ku. Gaskiya ce, kuma za ta fahimta. In ka sauka gidan dangi, kwana ukun ya zama nasu: ba ka fita sai an karya, ba ka dawowa sai a ce an jira ka da abinci, maiɗakinka kuma ta ƙare a madafi tana taya aiki kamar ba hutu ta zo ba. Ku kama ɗaki biyu a masauki mai tsabta, kai da samarin, ita da 'yarta.

Sannan ka tara su bayan sallar isha'i, a kashe talabijin. Ka faɗa musu kuɗin da ka ware gaba ɗaya, kada ka ɓoye. Mu iyaye muna jin nauyin maganar kuɗi a gaban 'ya'ya, shi ya sa suke girma suna zaton aljihun uba rijiya ce. Ka ce ga na mai, ga na masauki, ga abin da ya rage, ku gaya mini yadda za mu yi da shi. Kowa ya zaɓi wuri ɗaya da yake so, ya je ya binciki tarihinsa, ranar zuwa shi ne jagora, kai ka yi shiru ka saurara. Ka danƙa wa takwarana kuɗin adaidaita sahu da na shiga wurare, shi zai yi ciniki da direba. Amaryata ta riƙe lissafin abinci a ɗan littafi. Autan kuwa ruwan sha da lokacin salla. Za su yi kuskure, wataƙila a cuce su naira ɗari biyu ko uku. Ka bar su. Abin da za su koya ya fi kuɗin.

Wurare 14 kuma ka rage su koma biyu a yini, ɗaya da safe, ɗaya bayan la'asar. Kano tumbin giwa ce, ba a cinye ta a zama ɗaya, ga cunkoson hanya da ke cin sa'a guda ba ka sani ba. Tsakanin azahar da la'asar ku koma masauki, mai barci ya yi, mai waya ya danna.

Dala ku fara da ita, da sassafe, kafin rana ta ɗaga. Akwai matakala, amma maiɗakinka ta hau a hankali. Watan Disamba hazo yakan rufe nesa, saboda haka kada ka yi musu alkawarin za su ga ƙarshen gari. Na kusa dai za su gani: Goron Dutse ga shi can, hasumiyoyin babban masallaci, rufin gidajen cikin birni a cushe kamar an zuba, hayaƙin masu koko da ƙosai yana tashi daga lunguna. A nan mai jagora zai ba da labarin Barbushe da Tsumburbura, da zuwan Bagauda wanda tarihin Kano ya sa farkon sarautarsa a shekarar 999, da Sarki Gijimasu da ya fara ginin ganuwa. Daga sama za su nemi ganuwar da ido, su ga inda ta saura da inda gidaje suka cinye ta. In takwarana ya tambaye ka me ya sa aka bari ta lalace, kada ka yi saurin rufe maganar. Ka tambaye shi shi me ya gani. Irin wannan hirar ita ce ribar tafiyar, kuma ba ta zuwa in kana duba agogo.

Wurin da na fi so ku daɗe shi ne marinar Ƙofar Mata, wadda ake lissafin kafuwarta tun 1498. Kada ku tsaya daga bakin hanya ku ɗauki hoto ku wuce. Ku gai da marina da ladabi, ku nemi izini, ku zauna. Za su ga rijiyoyin rini a jere, bakinsu a daɓe, wasu an kife su da murfin saƙa, da yawa kuma sun bushe don masu sana'ar sun ragu. Baba da toka da kanwa ake zubawa a ruwa, a bar su su jiƙa har su nuna. Abin da zai ba yara mamaki shi ne, ƙyallen in an ciro shi daga rijiya kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska a gaban idonsu ya rikiɗe ya koma shuɗi. A sake tsomawa, a sake ɗagawa, haka har ya yi duhun da ake so. Su dubi hannun marinin, yadda shuni ya zauna masa har cikin farce. Daga gefe za su ji ƙarar masu bugu, suna dukan yadi a kan gungume har ya yi ƙyalli. Amaryata mai son ɗinki ce, ta tambayi yadda mata ke ƙulla farin yadi da zare a gida kafin a kawo shi rini, don daga ƙullin nan zanen yake fitowa. Ku sayi wani abu kafin ku tashi, ko ƙarami ne. Mutumin da ya bar aikinsa ya yi muku bayani, ba a barinsa da na gode kawai.

Gidan Makama yana kusa da fada, sa'a ɗaya ta isa. Gini ne na zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu gidan tarihi ne, akwai ƙyamaren tsofaffin ƙofofin gari da hotunan zuwan Turawa a 1903. Ka sa a tambayo ranaku da lokacin buɗewa kafin ku tafi. Kasuwar Kurmi ma Rumfa ne ya kafa ta. Lungunanta matsattsu ne, warin fata da ƙamshin turare suna cakuɗe, ga masu kayan doki, ga masu ƙwarya da tsakiya. A nan ka ba kowa kuɗinsa a hannu ya yi cinikin tsarabar abokansa. Ko ka ga an tsuga wa autan kuɗi, ka kame bakinka sai ya waiwayo ya nemi taimako.

Takwarana na ji yana yawan gardamar siyasa da abokansa. Ka kai shi Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, inda kabarinsa yake tun rasuwarsa a 1983, yanzu kuma cibiya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Ya ga irin gidan da jagoran NEPU ya zauna, ya auna da abin da yake gani a yau. Ba sai ka ƙara masa komai ba.

In kuma ɗayansu ya ce shi zaɓinsa babban kantin nan na zamani da ke kan titin gidan zu, mai sunan Ado Bayero, kada ka ɓata fuska. Ka ce kowa ya zaɓa, to ka cika alkawari. Yaro ba ya son a mayar masa da hutu aji. A can ne ma za ka iya sakar musu mara: ku yi alkawarin ƙarfe kaza a bakin ƙofa kaza, su ukun su tafi tare, kai da maiɗakinka ku zauna ku sha wani abu mai sanyi. Yaushe rabon da ku zauna ku biyu ba lissafin kuɗin makaranta? Ita ma a tambaye ta abin da take so. In Kantin Kwari ne, ka raka ta da haƙuri, samarin su riƙe mata kaya.

Maganar waya, kada ka ƙwace, faɗa kawai za ka saya. Ku yi yarjejeniya tun a gida: a kan abinci babu waya, kuma kai ne farkon wanda dokar za ta hau, don na san yadda kiran ofis ke bin ka. A cikin kasuwa da adaidaita sahu kuma waya ta zauna a aljihu, saboda masu ƙwace. Lambarka da sunan masauki kowa ya rubuta a takarda ya sa a jikinsa.

Daga Kaduna zuwa Kano ya haura kilomita 200. Ku tashi bayan asuba, a duba mota tun jajibiri, kada dare ya same ku a hanya, tafiya da dawowa. Ku ɗauki rigunan sanyi da man shafawa, hunturun Kano ba ya wasa da leɓe. Tafiyar ta kai ta kasaru, kuma tunda ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu ba, azahar da la'asar da isha'i raka'a biyu-biyu ne, sai in kun bi limamin gari ku cika tare da shi. Yara sun karanta wannan a Islamiyya, amma ina zaton ba su taɓa aikatawa ba. Ko sau ɗaya ne, a masauki, ka tura takwarana gaba ya ja ku salla. Ka ga yadda zai tsaya.

Abinci kuwa kada ku ƙare a shinkafar otal. Ku nemi gurasa bandashe, wadda aka jiƙa aka barbaɗe da ƙuli-ƙuli da yaji da albasa, ku ci tsire da dare inda kuka ga mutanen gari sun yi layi. Kilishi na hanya ne da na tsaraba.

Ni tawa tsarabar mai sauƙi ce. Yadi ɗaya daga Ƙofar Mata, amaryata ta zaɓa mini, ita ta san abin da ke yi mini kyau. Gwiwoyina sun daina hawan matakala, Dala ta fi ƙarfina yanzu. In kun kai sama, bayan kun huta, ka kira ni, ka ba ni yaran ɗaya bayan ɗaya su gaya mini abin da suke hange. Kai ne na ƙarshe, ina son in ji naka.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Mahaifinka