Mahaifa da Masu Ba Ta Umurni

Mahaifa jaka ce ta tsoka. Takan matse, ta kuma saki, ko da mace ba ta da ciki, amma ba don kanta take yi ba. Akwai waɗansu sinadarai da jini ke kai mata, masana na kiransu homon. Su ne manzannin jiki. Uku daga cikinsu za mu koya yau.

Na fari shi ne istirojin, daga gidan ƙwan mace yake fitowa. Yakan yawaita gab da sakin ƙwai, watau wajen kwana na 14 ga macen da al'adarta ke zagayowa kwana 28. A lokacin nan mahaifa takan riƙa 'yan matse-matse daga bakinta zuwa sama, ta taimaki maniyyi ya isa wurin ƙwai.

Na biyu firojestaron. Bayan an saki ƙwai shi ke karɓar aiki, ya kwantar da mahaifa don ɗan tayi ya sami wurin kamawa. A 1998 waɗansu likitoci a Faransa suka duba matan da aka haɗa musu ƙwai da maniyyi a waje, aka mayar cikin mahaifa. Suka tarar waɗanda mahaifarsu ta cika motsi ran nan ba su cika samun ciki kamar sauran ba.

Na uku oksitosin, mai kawo naƙuda. Yana fitowa daga wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda bai fi ƙwayar wake ba. Wani Bature na Ingila, Henry Dale, ya gane a 1906 ruwan ƙullutun nan yana sa mahaifa ta matse. A 1953 Vincent du Vigneaud ya haɗa irinsa a Amurka. Shi ne allurar naƙuda, da ita kuma ake tsai da zubar jini bayan haihuwa.

To, ku riƙe abu biyu. Rashin haihuwa yana da dalilai a jiki, na mace ko na miji, saboda haka su tafi asibiti tare, kada a ɗora wa mace laifi. Allurar naƙuda kuwa kada kowa ya yi ta a gida. In ta yi yawa mahaifa tana iya fashewa, a rasa uwa da ɗa.